Yadda Za Ka Hana Hannunka Jiƙewa Idan Kana Tuƙa Babur Cikin Ruwan Sama

Da damina ta kama, abin da mai babur ke fara nema shi ne rigar ruwa, wani ya ƙara da takalmin roba, hannu kuwa a bar shi haka nan. Alhali aikin tuƙin kusan duk a hannu yake. Na dama yana riƙe da totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci da hon da sigina. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska har ninki wajen 25, ga iskar gudu tana bugun jiƙaƙƙen hannu. Shi ya sa ko a Zariya ko Gusau cikin watan Agusta, lokacin da ba wanda zai ce ana wani sanyi, sai ka ga yatsun mutum sun ƙage bayan tafiyar rabin awa. A Jos, da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai daga teku, ba ma sai an kai rabin awa ba.

Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan sanyi ya sa yatsunka suka makara da rabin daƙiƙa wajen matsa birki, ka riga ka ci mita 8 a kan kwalta mai santsi. Wannan ne dalilin ɗaukar maganar da muhimmanci, ko kai ɗan acaɓa ne, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi, ko malamin makaranta mai zuwa ƙauye kullum safiya.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san ta inda ruwan ke shigowa. Hanyoyi uku ne: ta gaba, inda iska ke turo shi ya ratsa ɗinkin safar hannu, ta wuyan hannu, inda yake gangarowa daga hannun riga, sai kuma ta hannunka da kanka, duk lokacin da ka cire safa ka mayar. Mutane sun fi ɗora laifi kan safar, amma ta biyun da ta ukun su suka fi jiƙa hannu.

Mataki na farko: tare ruwan tun kafin ya iso hannu

Nemi galan biyu na baƙin mai, ɗaya don kowane mariƙin babur, masu lita 4 ko 5, irin waɗanda ke zube a wajen bakanike. Wanke su da omo sosai, don ragowar mai idan ya taɓa robar mariƙi zai sa ta santsi. Kwantar da galan ɗin, ka yanke fuska ɗaya mai faɗi gaba ɗaya, ka yanke kuma ɓangaren bakin, ya zama kamar kwasfa mai rufin sama da gaba da gefe, bayanta a buɗe inda hannu zai shiga. Gefen da ka yanka yana da kaifi, don haka ka bi shi da salatif ko ka ɗan gasa shi da wuta ya lanƙwashe.

Gasa ƙusa ka huda rami a saman, daidai inda ƙarfen madubi zai bi. Kwance madubin, ka zura ƙarfen ta ramin, ka mayar ka ɗaure. A nan ka yi hattara: a baburan Yamaha da wasu irinsu, madubin dama zarensa a juye yake, idan ka murɗa shi yadda ka saba sai ka ƙara ɗaure shi har ka cinye zaren. Idan ya ƙi, gwada ɗaya ɓangaren kafin ka sa ƙarfi. Ƙarshen waje kuma ka huda ramuka biyu ka ɗaure shi da waya a bakin kan babur, don kada ya riƙa rawa.

Yanzu sai gwaji, kuma kada ka tsallake shi. Juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka tabbatar galan ba ya taɓa tanki. Matsa birki da kuloci su koma da kansu ba abin da ya tokare su. Murɗa totur ka sake shi, ya koma nan take. Sannan ka fita fili inda ba mutane ka ɗan yi gudu, don abin da ba ya taɓa birki a tsaye yana iya taɓa shi idan iska ta turo shi baya. Idan ka ji babur yana ja da kansa ko fitilar birki tana kamawa, tsaya ka ƙara yanke robar. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin galan da hannun birki.

Akwai masu kai wa tela ko baduku tamfol ya ɗinka musu jaka mai rufe mariƙi da hannu gaba ɗaya. Ta fi galan tare ruwa, babu musu, amma ni ban cika sonta ga mai ɗaukar fasinja cikin gari ba. Tana ɓoye maɓallan hon da sigina, kuma idan ka zare hannu don nuna za ka tsaya, mayar da shi sai ka lalaba. Ga mai doguwar tafiya, kamar daga Funtuwa zuwa Zariya, tana da amfani, muddin an sa waya mai ƙarfi a bakinta ya tsaya a buɗe, an kuma shafe ɗinkin da sholisho.

Mataki na biyu: zaɓen safar hannu

Safar saƙa ta auduga da ake sawa da hunturu ita ce mafi muni a ruwa idan ita kaɗai ce. Tana shan ruwa ta riƙe, ta manna sanyin a fata; gara hannu haka nan da ita. Safar fata ita ce ke kare tafin hannu idan an faɗi, amma ita ma tana sha sannu a hankali. Ana rage mata shan ruwa da man kaɗe ko kakin zuma: ɗan ɗumama shi, ka shafa a bayan hannu da tsakanin yatsu da duk layin ɗinki, ka bar ta ta kwana. Kada ka shafa a tafin, in ba haka ba totur zai riƙa sulluɓe maka. Wannan shafin yana jure yayyafi da ruwan 'yan mintoci. Ruwan marka mai wuni yana zuba sai ya ci ƙarfinsa.

Abin da ya fi aiki a kuɗi kaɗan shi ne haɗa biyu. A ciki ka sa siririyar safa, ta fata ko ta auduga, a waje kuma ka ɗora safar roba mai kauri, irin ta magina masu kwaɓa siminti ko ta wanke-wanke, wadda ta fi hannunka girma da lamba ɗaya. Ka zaɓi mai kaushi a tafi, mai dogon wuya da ya wuce agogo. Ta cikin tana shan gumi, ta wajen tana tare ruwa. Idan ka sa su ka kasa dunƙule hannu sosai ko ka kasa danna hon da babban yatsa, ta yi maka ƙanƙanta ko ta yi kauri. Safa mai matsewa tana hana jini gudu, sanyin da kake gudu sai ya zo ta wata ƙofa.

Wasu suna sa siririyar safar asibiti a ƙarƙashin ta fata. Ruwan sama ba zai taɓa fata ba, gaskiya ne, amma gumi ba shi da mafita, bayan awa guda za ka ciro yatsu a yamutse. Don gajeriyar tafiya ta wadatar. Farar nan ta robar latex fetur da mai suna cinye ta, wasu kuma tana sa musu ƙaiƙayi. Shuɗiyar, wadda galibi ta wata irin roba ce mai suna naitiril, ta fi jure mai.

A gwanjo, kamar Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna ko Katako a Jos, akan ci karo da safofin ƙasashen sanyi masu tambarin Gore-Tex. A cikinsu akwai wani siririn shafi mai hana ɗigon ruwa shiga amma yana barin tururin gumi ya fita. Sai dai tsohuwa ce, shafin yana iya yagewa ba tare da an gani ba. Ka roƙi mai kaya ya yarda da sharaɗin dawowa, ka je gida ka sa ta, ka tsoma hannu cikin bokitin ruwa har kusa da wuyan safar, kana buɗewa kana dunƙulewa na minti biyu. Duk inda ka ji laima, can ne ta mutu. Kuma ka guji masu kauri sosai da aka yi don wasan ƙanƙara, ba za ka ji birki a yatsa ba.

Leda dai a bar ta. Ɗaura ledar burodi a hannu yana tare ruwa, amma jiƙaƙƙiyar leda a kan robar mariƙi santsi gare ta, kuma tana iya maƙalewa a hannun birki.

Mataki na uku: rufe wuyan hannu

Nan ne yawancin mutane ke yin asarar duk wahalar da suka sha. Hau babur ɗinka ka riƙe kai yadda ka saba, ka sa wani ya duba maka: tafin hannunka ne a ƙasa ko gwiwar hannu? A kan Boxer da Jincheng da yawancin baburan da muke hawa, hannu yana ɗan gangarowa ƙasa zuwa mariƙi. Duk ruwan da ya sauka a kafaɗa da damtse zai bi hannun rigar ruwa ya gangaro, kuma idan wuyan safa yana waje, ya zama mazurari, ruwan ya tafi kai tsaye ya taru a yatsu. Safar roba ma ta fi muni a nan, tunda abin da ya shiga ba ya fita.

Don haka wuyan safa ya shiga ciki, hannun rigar ruwa ya hau kansa. Sannan a matse bakin rigar. Idan tana da maɗauri, ja shi. Idan babu, je wajen mai faci ya yanko maka zobe biyu daga tsohon tiyub na babur, masu faɗin yatsa biyu, ka zura ɗaya a kowane hannu a kan bakin rigar. Ya kama amma kada ya shaƙe. Idan ka ga jijiyoyin bayan hannu sun taso, ya yi tsauri. Robar ɗaure kuɗi tana yi a matse, sai dai siririya ce, tana cin fata kuma tana tsinkewa.

Wanda kan babur ɗinsa ke da tsayi har hannu ya fi gwiwar hannu bisa, shi ne zai juya tsarin, safa a waje riga a ciki. Ka kuma duba rigar da ke ƙasa: hannun kaftani ko na jamfa idan ya leƙo ko da kaɗan, zai jawo ruwa ya kai shi har gwiwar hannu. Naɗe shi sama kafin ka sa rigar ruwa.

Mataki na huɗu: cirewa da mayarwa

Ɗan acaɓa yana cire safa sau ba adadi a wuni, kuma ta dama ce ke shan wahala, tunda ba wanda zai miƙa wa dattijo canji da hagu. Kowace cirewa a cikin ruwa tana mayar da jiƙaƙƙen hannu cikin busasshiyar safa. Ka ware canji, ƙananan kuɗi, a leda cikin aljihun da za ka iya kai hannu da safarka a sanye, manyan kuɗi kuma su zauna can ciki. Idan cirewar ta zama dole, kamar amsa waya, ka raɓe a ƙarƙashin rumfa ko baranda, ka goge hannu da ɗan tawul da ka ajiye a ƙirji cikin rigar ruwa. Haka ma bayan alwala, ka bari hannu ya bushe tukuna.

Safa mai shafi a ciki ana cire ta ne yatsa bayan yatsa, kana riƙe da kan kowane yatsa. Idan ka fizge ta da hannu mai laima, shafin zai biyo ka waje, mayar da shi cikin yatsu kuwa aiki ne na ɓata rai a bakin titi.

Safa ta biyu, ko da mai araha ce, a ƙulle ta cikin leda biyu a ƙarƙashin sit ko cikin jaka. Kada ka sa ta tun ruwa na zuba. Ajiye ta sai ya ɗauke, ko sai za ka kama hanyar gida da dare.

Gilashin hular kwano kuma da hagu ake share shi, da gefen manuniya, shafa ɗaya daga gefe zuwa gefe. Wasu suna manna ɗan yankin tiyub a wannan yatsa don ya share tas.

Idan yatsu sun riga sun sandare

Alamar ita ce ka kasa haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa da sauri, ko ka ji kuloci ya yi maka nauyi. Faka. Cire safa, ka goge hannu, ka cusa su a hammata ko ka riƙe kofin shayi a wajen mai shayi har jini ya dawo. Kada ka ɗora su kan inji ko salansa: fatar da ta sandare ba ta jin zafi da wuri, sai ta ƙone kafin ka ankara. 

Shanya

Da ka isa gida, juya safar roba ciki ya koma waje, ka rataye ta yatsu a sama. Ta fata kuma ka cusa mata tsohuwar jarida, ka canza idan ta jiƙe, ka ajiye ta inda iska ke wucewa. Kusa da murhu ko kan inji mai zafi fata tana ƙandarewa ta tsage, Gore-Tex ma wutar kai tsaye tana lalata shi. Safar da aka bari a dunƙule cikin jaka a watan Agusta, kwana kaɗan za ta yi fumfuna da wari. Idan ta fatar ta bushe sarai, sake bin ɗinkin da man kaɗe, sannan ka duba notin madubi sau ɗaya a mako, don nauyin galan da girgizar hanya suna sassauta shi.