Yadda Ake Haɗa Katin Halloween Mai Fatalwa

A Amurka da Ingila, ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halloween, wasu kan aika wa juna kati mai ban tsoro. Wannan katin, fatalwarsa miƙewa take yi da an buɗe shi.

Kayan aiki: baƙin kwali girman A4, farar takarda, almakashi, rula, gam, baƙin biro da farin alli.

1. Ɗora rula a tsakiyar kwalin, ka ja layi da bayan almakashi kafin ka ninka. In ka ninka haka kawai, kwalin zai tsattsage a bakin ninkin.
2. Daga ninkin, yi yanka biyu masu tsawon santimita 3, tsakaninsu santimita 2.
3. Buɗe katin, ka tura yankin ciki ya tsaya kamar matakala.
4. Yanko fatalwa daga farar takarda, ka ɗiga mata idanu biyu. Kada tsawonta ya wuce santimita 11, in ya wuce kanta zai leƙo waje idan an rufe.
5. Shafa gam kaɗan a gaban matakalar kawai, ka manna ta. Gam mai yawa yakan jiƙa takarda ta yamutse, ko ya liƙe katin gaba ɗaya.
6. Zana saƙar gizo-gizo a kusurwa da alli, ka bar katin a buɗe minti 15.