Yadda ake tafiyar kwanaki a ƙafa a saman duwatsun bakin teku

Abu na farko da zan gaya maka ɗan'uwa, kar ka yarda da kilomitan da ka gani a taswira, yaudara ce wallahi. Hanyar saman dutsen bakin teku ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, duk inda rafi ya gangaro zai shiga teku sai ka sauka kwazazzabo ka sake hawowa, a wuni ɗaya sai ka yi haka sau takwas ko goma, gwiwa ce ke shan wahalar. Ka ɗauki South West Coast Path ta Ingila, tsawonta ya ɗan haura kilomita 1,000 amma in aka tara hawan da ke cikinta ya kai kusan mita 35,000, wato kamar ka hau Everest kusan sau 4. Shi ya sa masu harkar suke lissafin awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan su ƙara awa 1 ga kowane hawan mita 600, kai da kake da jaka a baya ma ka ƙara a kan haka.

Sai babbar maganar, cika da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau 2 ya janye sau 2 cikin kamar awa 24 da minti 50, ma'ana lokacin janyewar yau ba shi ne na gobe ba, kullum yana matsawa da kusan minti 50. Kuma lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi. Me ya haɗa ka da wannan tunda a sama kake tafiya? To ai hanyar takan sauko bakin ruwa, wani wurin ma sai ka tsallaka bakin kogi. A Otter Trail ta Afirka ta Kudu, tafiyar kwana 5, ranar 4 ake tsallaka kogin Bloukrans kuma sai ruwa ya janye, mutane har sammako suke da tocila don su riski lokacin. Don haka ka samo jadawalin ruwan ka rubuta a takarda tun daga gida, shi zai faɗa maka ƙarfe nawa za ka tashi, in ka makara kuwa ka zauna ka jira kawai, ba a gardama da teku.

Bakin dutsen kansa kar ka matsa don hoto. Igiyar ruwa tana cin ƙarƙashinsa a hankali, sama ka ga ciyawa lafiya lau alhali ƙasa fanko ne, musamman bayan ruwan sama. Iska kuma in ta bugi babbar jaka tana iya juya mutum, in hazo ya rufe har ba ka ganin gabanka to tsayawa ya fi.

Kaya dai kar su wuce kamar kashi 1 cikin 5 na nauyin jikinka, ka tuna lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Abin haushi ga ruwa har iya ganinka amma duk gishiri, sai ka san rafukan da za ka ɗiba tun kafin ka fita, ka tafasa ko ka tace saboda ba ka san me ya shiga daga sama ba. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, sabo bororo zai fitar maka rana ta biyu, safa busasshiya ta canji, rigar ruwa, tanti ka kafa shi can ciki inda iska ba ta duka.

Sabis kuwa ka cire rai, ka sauke taswira a waya ka riƙe pawa banki da taswirar takarda. Ka bar wa wani bayanin inda za ka kwana kowane dare da ranar da in bai ji ka ba zai kira masu ceto.