Motar lantarki: kurakuran da aka fi tafkawa daga soket har zuwa kan hanya

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda ya tsaya gidan mai ya ga kuɗin da famfo ya nuna sai zuciyarsa ta raya masa motar da ba ta shan mai. Wasu sun wuce tunani, sun saya. Abin da na lura shi ne yawancin matsalolin da suke kuka da su ba daga motar suke ba. Sun taho mata ne da ɗabi'u biyu da ba nata ba: yadda suka saba da motar fetur, da yadda suka saba da cajin wayar hannu.

Sayen mota kafin a san inda za ta sha wuta

Wannan shi ne uban kurakurai. Mutum ya biya kuɗi, an kawo mota ƙofar gida, sannan ya shiga neman inda zai jona ta. Motar lantarki a gida take ƙoshi, cikin dare ko lokacin da take ajiye. Tashar caji ta waje ta matafiyi ce, kuma a garuruwanmu har yanzu ba su da yawa. Hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, ta buɗe wata mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, amma wanda ke zaune a Gusau ko Maraɗi ba zai ɗora rayuwarsa ta kullum a kanta ba.

Lissafin ba shi da wuya, domin yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka shi ne ma'aunin batirin motar. Matsakaiciyar mota tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100. Idan kilomita 40 kake yi a rana, kana buƙatar yunit shida zuwa takwas. Cajar da ake jonawa a soket na gida tana jan kamar yunit biyu da ɗan ɗori a awa, wato awa uku zuwa huɗu na wuta mai ƙarfi sun ishe ka kullum. Amma in ka bari batir mai yunit 60 ya zube ƙasa, cika shi da soket zai ci fiye da kwana guda cur. Saboda haka ka fara duba awa nawa ake ba unguwarku wuta, da ƙarfinta. Unguwar da ƙwan fitila yake ja kamar garwashi da magariba ba ta cajin mota.

Sai masu cewa ai akwai janareto. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda. Yunit 17 kuwa, wato tafiyar kilomita 100, zai lashe lita takwas ko fiye, kusan abin da Corolla za ta sha a tafiyar. An gudu ba a tsira ba ke nan, ga ƙara ga hayaƙi. Mai sola ma ya yi hankali: batirin inbata na gida yawanci yunit biyar ne ko goma, motar za ta tsotse shi cikin 'yan awoyi ta bar iyali a duhu. Da rana tsaka ake cajin mota da sola, lokacin da farantan suke ba da wuta kai tsaye.

Soket, waya, da bakin caji

Tukunyar dafa ruwa tana jan wuta sosai, amma minti biyar ta gama. Mota tana jan kusan irin wannan wutar awa shida, awa takwas, ba hutu. Soket ɗin da bai taɓa ba ka matsala ba zai iya yin zafi ya narke a daren farko, musamman in wayar cikin bango siririya ce ko kusoshinsa sun saki. Mafi muni shi ne ja da doguwar wayar ƙari daga falo, a bi da ita ta taga, rabinta a naɗe. Waya a naɗe zafi take tarawa. Gyaran shi ne ka kira ƙwararren mai aikin wuta ya ja wa motar layinta ita kaɗai daga akwatin fiyus, da waya mai kauri da makunnin da ke yanke wuta in ta zurare. A makon farko ka riƙa taɓa kan cajar bayan awa guda. Ɗumi-ɗumi ba komai, amma in ba ka iya riƙe shi, cire.

Gidaje da yawa ba a binne musu ƙarfen da ke kai wuta ƙasa ba, ko an binne ya ruɓe. Cajar mota tana duba wannan kafin ta saki wuta, in ba ta samu ba sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Na ga wanda ya kwana biyu yana zagin dillali a kan caja lafiyayya, alhali gidansa ne ba shi da wannan kariyar. Kada ka yarda wani ya yi maka dabarar da za ta yaudari cajar. Jikin motar ƙarfe ne, kuma yara suna jingina da ita.

Motar da ta fito daga Amurka kuma, sau da yawa igiyar cajin da ke cikin but ɗinta ta wutar bolt 120 ce, mu kuwa 230 muke da ita. Karanta rubutun da ke bayanta kafin ka jona. Haka nan bakin caji ba iri ɗaya ba ne a duniya. Na Turai daban, na Amurka daban, motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin suna da nasu mai suna GB/T, tsohuwar Nissan Leaf tana cajin gaggawa da CHAdeMO na Japan. Ka san bakin motarka, ka san na tashar da kake sa ran zuwa, tun kafin ka tashi.

Batir ba ya son cika maƙil, ba ya son zafi

A nan ɗabi'ar waya take cutar da mutane. Mun saba, saboda ba mu san lokacin da za a ɗauke wuta ba, duk abin da ya samu soket sai ya kai ɗari bisa ɗari. Batirin lithium yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike, kuma zafi yana ninka wannan tsufan. Motar da aka cika maƙil aka bar ta a rana a Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ta haɗa abubuwa biyun da batir ya fi ƙi. Kusan kowace mota tana da wurin sa iyakar caji. Sa ta a kashi 80 don zirga-zirgar kullum, ka cika ta ranar da za ka yi doguwar tafiya, kuma ka tashi ba da jimawa ba bayan ta cika.

Akwai togiya. Batir nau'in LFP, irin wanda BYD take sakawa a yawancin motocinta da wanda ke cikin wasu ƙananan samfuran Tesla, ya fi jure cika, har ma ana so a riƙa kai shi ɗari lokaci-lokaci don motar ta iya lissafa abin da ya rage daidai. Littafin motar zai gaya maka wanne ne naka. Ƙasa ma haka: kada ka mayar da kaiwa sifili al'ada, kada kuma ka ajiye ta a hakan. Mai tafiya aikin Hajji ya bar ta a wajen rabi, a inuwa.

Zafin nan shi ya sa nake jan kunnen masu sayen tsohuwar Leaf saboda araha. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ya yi kama da namu, suka fara ƙorafin batir yana raguwa da wuri. A allonta akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir, daban da masu nuna caji. Ƙirga su kafin ciniki. A kowace tsohuwar motar lantarki ma, lafiyar batir ta fi fenti da kujeru da kilomita muhimmanci, don shi ne kaso mafi tsada a jikinta. Ka kuma binciki tarihinta da lambar jikinta. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun riƙa kamawa da wuta daga baya, kuma motocin ambaliya gwanjo ake kai su, daga gwanjo kuwa wasu jirgin ruwa suke hawa.

'Yar ruwa biyu da ba a taɓa jonawa ba

Mota mai injin fetur da batir iri biyu ce. Akwai irin Prius ta gargajiya wadda ba ta da bakin caji, ita take cajin ɗan batirinta da kanta. Akwai kuma wadda ake jonawa a wuta, kamar Mitsubishi Outlander PHEV ko RAV4 Prime, mai iya tafiyar kilomita gommai ba tare da injin ya tashi ba. Mutane suna sayen ta biyun su tuƙa ta kamar ta farko, igiyar cajin tana cikin ledarta. Wannan ɗaukar dakon batir mai nauyi ne kyauta, da kuɗin man ka. Ba mu kaɗai ke yi ba: rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya nuna hayaƙin irin waɗannan motoci a kan hanya ya ninka na gwaji sau uku da rabi, mafi yawa don ba a cajin su yadda aka zata.

Akasin haka ma kuskure ne. Wanda yake caji kullum har ya manta da injin, fetur ɗinsa yana tsufa a tanki, baƙin mai yana lalacewa ko ba a yi tafiya da shi ba. Chevrolet Volt, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya zana siffar samfurinta na farko lokacin yana kamfanin General Motors, takan tayar da injinta da kanta in ya kai mako shida bai yi aiki ba. In taka ta yi haka, ƙyale ta, ba lalacewa ta yi ba. Juyen baƙin mai kuma a bi watanni, ba kilomita kaɗai ba. Abu guda mai haɗari: irin wannan mota shiru take ko tana kunne, sai mutum ya fita ya rufe gareji bai kashe ta ba. In batir ya yi ƙasa injin zai tashi, hayaƙinsa kuwa a rufaffen wuri kisa yake.

A kan hanya

Kilomitan da aka rubuta a talla na gwaji ne, kuma ma'aunin ƙasar Sin, CLTC, ya fi na Turai da na Amurka nuna kilomita masu yawa. Motar fetur ta fi tsimi a babbar hanya, ta lantarki kuwa a cikin gari take tsimi, don duk taka birki yana mayar da wuta batir. Gudu ne ke cinye ta. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, wanda ya ga 300 a allo ya take totur yana 130 da na'urar sanyi a kunne, zai iya wuce Zariya gabansa na faɗuwa. Rage zuwa 100, bambancin zai ba ka mamaki. Ka sanyaya cikin motar tun tana jone da wuta kafin ka fita. In ka samu tashar cajin gaggawa, kada ka zauna jiran ɗari, domin daga kashi 80 cajin yake komawa tafiyar hawainiya.

Taya tana saurin cinyewa saboda nauyin mota da fizgar da take yi a tashin farko, don haka ka saba da mai faci, ka sa ya bi adadin iskar da aka rubuta a jikin ƙofa. A lungu kuma ka tuna ba a jin zuwanka, yara da awaki da ƙarar inji suka saba kaucewa.

In ta tsaya

Motar lantarki tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, shi ke tayar da kwamfutarta. In ya mutu, ko babban batir yana cike ba za ta motsa ba, wani lokaci ƙofa ma ba za ta buɗe ba. Shi za a fara dubawa kafin a ce batirin miliyoyi ya tafi.

Kada a ɗaura mata igiya a ja ta kamar yadda muka saba. Tayoyin da ke haɗe da injin lantarkin, in suna juyawa wuta suke samarwa, kuma wutar tana iya ƙona kayan ciki. A ɗora ta gaba ɗaya a bayan babbar mota. Wayoyi masu launin lemo da ke ƙarƙashinta da cikin bonet kuwa suna ɗauke da bolt 400, a wasu motocin har 800. Mai rewaya na bakin titi, komai ƙwarewarsa a Golf da Sharon, in ya ɗauko sukudireba ya nufe su da hannu tsirara, riƙe hannunsa.