Abin da iyaye za su duba kafin 'yarsu ta tafi aikatau Saudiyya

Mata da yawa da aka yi safararsu zuwa ƙasashen Larabawa da ƙafarsu suka hau jirgi, da albarkar iyaye. Dillalin ma sau da yawa ba baƙo ba ne: wata Hajiya ce a unguwa, ko ƙanin maƙwabci. Saboda haka ku ajiye sanayya gefe, ku nemi takardu.

Ku fara da biza. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki a Saudiyya. Wadda ta shiga da ita ta kama aikatau, da wa'adin ya cika ta zama takari: ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, asibiti ma da fargaba take zuwa, kuma ko an zalunce ta ba ta iya kai ƙara, don ita za a fara kamawa. In dillali ya ce «in ta isa za a gyara mata takardu», ku tsaya nan.

Sai kamfanin. A Najeriya, mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje dole ya riƙe lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ku karɓi lambar, ku je ofishin ma'aikatar na jiharku ku tabbatar. A can kuwa, kwangilar 'yan aikin gida ta manhajar gwamnati mai suna Musaned take bi. Takardar ta nuna sunan mai gida, garin, albashi da Riyal, ranar hutu, tsawon aiki (galibi shekara 2) da mai biyan tikitin dawowa. Wanda zai fassara muku Larabcin kada ya zama mutumin dillali.

Bashi shi ne igiyar da aka fi ɗaure yara da ita. Za a ce muku kada ku biya ko sisi, za a riƙa cira daga albashinta. Ba a rubuta adadi, sai ta yi wata da watanni kuɗin na shiga hannun dillali, bashin kuma yana ƙaruwa da kuɗin abinci da na masauki. Wasu har rantsar da yarinya suke yi cewa ba za ta gudu ba. Alhali a ƙa'idar Saudiyya mai gida ne ke ɗaukar nauyin kawo ma'aikaciya. Aikin da mutum ba ya iya bari saboda bashi, bauta ce, kuma dokar Najeriya ta 2015 kan safarar mutane ta haramta ta.

Fasfo nata ne, doka ba ta ba mai gida ikon riƙe shi ba. Ku ajiye hoton fasfon da na kwangilar a gida, ita kuma ta haddace lambar waya biyu.

In an ƙwace mata waya, an hana ta albashi ko an kulle ta, kada ta fita titi kawai: mai gida zai kai rahoton ta gudu, laifin ya koma kanta. A sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda. Ku kuma ku kira NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, a 627, ko ku je ofishinta na Kano, Sakkwato ko Maiduguri da sunan dillali, rasit da saƙonnin WhatsApp. A Nijar, hukumar ANLTP mai yaƙi da safarar mutane za a nufa.