Yadda Ake Kula da Bijimin da Ya Ji Rauni Ya Kasa Tashi

Idan bijimi ya faɗi ya kasa miƙewa, raunin da ya kayar da shi ba shi kaɗai ne abin tsoro ba, domin kwanciyar kanta tana yi masa lahanin da sau da yawa ya fi na farko muni. Babban bijimi yakan kai kilo 400 zuwa 600, wani ma ya zarce haka, kuma wannan nauyi duka yana kan ƙafar da ke ƙarƙashinsa, ya danne jijiyoyinta ya hana jini gudu. Bayan kamar awa 6 a gefe ɗaya, musamman a kan ƙasa mai tauri, naman ƙafar yakan fara lalacewa, har ta kai ko da raunin asali ya warke, ƙafar ba ta iya ɗaukarsa. Saboda haka ba a cewa a bar shi ya huta zuwa gobe a gani.

Mataki na farko: ka tsare kanka, ka ba shi fili

Bijimin da ke jin zafi ya fi mai lafiya haɗari, kuma kwanciyarsa ba ta hana shi wurgo kai ya soki mutum da ƙaho, ko ya yi harbi da ƙafar da ke sama. Ka tunkare shi ta wajen gadon bayansa, kada ka shiga tsakanin ƙafafunsa. A kore sauran shanu daga wurin, musamman wasu bijimai, domin sukan far wa wanda ya faɗi. A rage taron jama'a da hayaniya, a ɗaura masa igiya a kai, mutum ɗaya ya riƙe, idan kuma yana fizge-fizge a rufe masa ido da wani ƙyalle.

Kafin a yanke cewa ya kasa tashi, a tabbatar an ba shi dama. Shanu da ƙafafun baya suke fara tashi, saɓanin doki, kuma sai sun miƙa kai gaba sun cusa ƙirji kafin bayan ya ɗago. Bijimin da goshinsa ke jikin bango, ko wanda aka ɗaure kansa a gajeruwar igiya, ba zai tashi ba ko lafiyarsa ƙalau. A buɗe masa gaba, a zuba yashi a ƙarƙashinsa idan wurin yana da santsi, sannan a tsawata masa sau ɗaya ko biyu. Idan bai tashi ba, a bari. Duka, da murɗe wutsiya, da zuba ruwa a kunne ko a hanci, ba sa gyara ƙashin da ya karye, sai dai su sa shi yunƙurin da zai mayar da tsagewa karaya.

Mataki na biyu: a zaunar da shi a kan ƙirjinsa

Wannan ya fi komai gaggawa. Tumbin sa ba ya daina samar da iska, kuma da gyatsa yake fitar da ita. Idan ya miƙe a gefe kamar matacce, gyatsar takan tsaya, ciki ya kumbura ya danne huhu, ko abin da ke cikin tumbi ya dawo maƙogwaro ya shaƙe shi. A tanƙwashe ƙafafun gaba a ƙarƙashin ƙirji, a jawo na baya kusa da ciki, sannan mutum biyu ko uku su tura shi ta kafaɗa yayin da mai igiya yake jawo kan zuwa ɓangaren da ake so ya ɗago. Da ya zauna sai a tokare kafaɗarsa da damin ciyawa ko buhunan yashi don kada ya koma. Idan wurin gangare ne, kansa ya kasance ta sama.

Daga nan ka dubi kwiɓinsa na hagu, wato ramin da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso. Idan ramin ya cika ya tasa, ka ƙwanƙwasa ka ji shi kamar ganga, yana kuma numfashi da baki buɗe, to kumburin ya kai matsayin da zai iya kashe shi cikin ɗan lokaci, kuma aikin likitan dabbobi ne ya fitar da iskar da tiyo ta baki ko ta huda kwiɓin.

Idan akwai jini mai zuba, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle na wasu mintuna ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, sannan a ɗaure.

Mataki na uku: ka gano inda matsalar take

Ka fara da ido kafin hannu, domin yadda ya kwanta yana ba da labari. Idan ƙafafun baya sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma kamar na kwaɗo, yawanci tsokar cikin cinya ce ta yage ko jijiyar wurin ta taɓu, abin da ke faruwa idan ya zame a kan siminti. Idan ya ɗago gaba ya zauna kamar kare yana jan baya, a zargi ƙashin baya. Idan ya yunƙura sai ka ga gwiwar ƙafar baya ta sauka har tana taɓa ƙasa, to agara ko tsokar da ke riƙe da ita ce ta tsinke. Ƙafar da ta fi 'yar'uwarta gajarta, ko ta juya ta inda ba ta saba ba, tana nuna karaya ko gocewar ƙashin kwankwaso, raunin da ake yawan samu wajen faɗa da wani bijimi ko wajen barbara.

Sannan ka bi kowace ƙafa da hannu daga kofato zuwa sama, a hankali, kana neman kumburi, da zafi, da wurin da ƙashi ke motsi inda babu gaɓa. Karyayyen ƙashi yakan yi ɗan ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin tafin hannu. Ka mintsini fatar da ke tsakanin kofatai da ƙarfi. Mai lafiyar jijiya zai janye ƙafar, ya kuma nuna ya ji. Ka ɗaga wutsiya ka sake ta. Idan ta faɗi laɓo-laɓo, dubura ta saki, ƙafafun baya duka biyu ba sa jin mintsini, alamar ba ta da kyau ko kaɗan.

Kada ganin ya faɗi ya sa ka ɗauka rauni ne kawai, domin sau da yawa ciwo ne ya raunana shi har ya faɗi. Ka auna zafin jikinsa ta dubura. Na babban sa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan kai. Ka buɗe leɓe ka dubi dasashi, idan ya yi fari fat to ko jini na zuba a ciki ko yana da ƙarancin jini irin wanda cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ke kawowa. Kumburi mai zafi a cinya ko kafaɗa wanda ke ƙara kamar busasshen ganye idan an danna, tare da zazzaɓi, ya fi kama da cutar shanu da ake kira harbin daji. Baƙin jini daga hanci ko dubura kuwa yana sa a zargi ciwon saifa, wanda ke kama mutane, don haka a janye hannu nan take.

Mataki na huɗu: ka kira likitan dabbobi tun a ranar

Ka gaya masa lokacin da bijimin ya faɗi, da yadda abin ya faru, da ko yana ci yana sha, da zafin jikinsa, da duk maganin da aka riga aka ba shi. Shi ne zai iya tantance karayar kwankwaso ta hanyar dubawa ta cikin dubura, ya kuma yi masa allurar rage zafi da kumburi irin su meloxicam ko flunixin. Ina ba da shawara kada a yi gaggawar ɗura masa magunguna kafin zuwan likita, domin kowane magani yana da kwanakin da sai sun wuce kafin a ci naman, kuma allurar da aka yi da safe tana iya haramta wa mai dabba naman da zai yanka da yamma.

Mataki na biyar: idan dole a matsar da shi

Idan yana cikin laka, ko tsakar rana, ko kan siminti, sai an ɗauke shi. Ba a jan bijimi da ƙaho, ko wuya, ko wutsiya, ko ƙafa. Na taɓa ganin wanda aka ɗaura wa igiya a ƙafafun baya aka ja shi da mota ɗan taku kaɗan zuwa inuwa. Kafin a isa fatar kwankwasonsa ta saluɓe, ƙafar da ake fatan ta warke kuma ta goce gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa tampol mai ƙarfi ko faffaɗan katako a bayansa, a mirgino shi a kai, a ɗaure kansa don kada ya bugu, sannan a ja shimfiɗar a hankali.

Mataki na shida: jinya

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gajiya. A yi masa shimfiɗar yashi mai laushi ko busasshiyar ciyawa mai kaurin aƙalla santimita 30, a inuwa, inda ruwan sama ba ya tsayawa. A riƙa kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, domin fitsari yana cin fata ya buɗe gyambo.

A juya shi kowace awa 3 zuwa 4, har da dare. A tattara ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, a tura kwankwaso ya tsallaka ta kan ƙirji da ciki zuwa ɗaya gefen, kada a mirgina shi ta gadon baya. Ƙafar da ta fito daga ƙasa za ka ji ta da sanyi, wani lokaci ta yi tauri kamar icce. A mulmula ta sosai, a miƙe ta a tanƙwashe ta sau da yawa don jini ya koma. Idan ƙafafun baya suna bajewa, a yi masa dabaibayi da igiya mai laushi a saman kofatai, a bar tazarar kamar rabin mita. Fitsarin da ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa yana iya nuna tsoka na lalacewa, a sanar da likita.

Babban sa yana shan lita 40 ko fiye a rana, lokacin zafi kuma ya ninka kusan haka. A ajiye ruwa a faffaɗan mazubi marar zurfi inda bakinsa zai kai ba tare da ya kifar da shi ba. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa ruwa ko magani da kwalba yana kwance, domin ruwan yakan bi ta huhu. A ba shi ciyawa mai kyau, a rage hatsi da dusa. Bijimin da ke tuƙa yana kallon mutane da kunnuwa a tsaye yana da sauran fatan warkewa.

Raunin fata a wanke shi kullum da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa maganin korar ƙudaje kewaye da shi kafin tsutsa ta shiga.

Mataki na bakwai: ɗagawa

Ba a ɗaga wanda ake zargin ya karye. Idan likita ya tabbatar ƙashi lafiya yake, a sa faffaɗar ɗamara biyu, ɗaya bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban na baya, a kauce wa mazakutarsa, a ɗaga da tarakta ko sarƙar ɗaga kaya a hankali har kofatai su dafa ƙasa. Manufar ita ce ya ɗauki nauyinsa da kansa. Idan ya tsaya, a sassauta a bar shi gwargwadon ƙarfinsa. Idan ya saki jiki yana reto, a sauke shi cikin 'yan mintuna, domin ratayar tana danne ciki da numfashi. Ƙarfen da ake maƙalawa a ƙasusuwan kwankwaso don ɗaga shi ma bai kamata ya wuce minti 10 zuwa 15 ba. Sau biyu a rana ya isa.

Mataki na takwas: yanke shawara

Karayar da ke ƙasa da gwiwa, wadda ƙashi bai huda fata ba, tana iya karɓar ɗori, musamman a ƙaramin sa. Amma karayar cinya, ko ta saman ƙafar gaba, ko ta ƙashin baya, ko tsinkewar agara, ba kasafai suke warkewa a babban bijimi ba, domin babu ɗorin da zai riƙe wannan nauyi. A irin wannan hali, ci gaba da jinya ƙarin azaba ne gare shi da ƙarin hasara ga mai shi. Inda babu karaya kuwa, ka tsayar da wa'adi tare da likita, ka riƙa dubawa kullum ko yana ƙara yunƙuri. Idan ya daina ci, ko ya riƙa komawa gefe duk da tokari, ko gyambo ya buɗe, to lokaci ya yi.

Idan za a yanka, a yanka shi a inda yake, kada a loda shi a mota da rai. Naman wanda ya karye ba da jimawa ba, ba shi da zazzaɓi, ba a kuma yi masa allura ba, yana iya ciyuwa bayan mai duba nama ya gani, a yanke inda jini ya taru a zubar. Wanda ke da zazzaɓi, ko kwanakin maganinsa ba su cika ba, ko ba a san abin da ya kayar da shi ba, ba a cin namansa, ba a kuma sayarwa. Idan ana zargin ciwon saifa, ko feɗe shi ba a yi, sai a sanar da hukumar lafiyar dabbobi. Gawar da ba za a ci ba a binne ta da zurfi nesa da rijiya da rafi, ko a ƙone ta, musamman idan an yi wa bijimin allurar diclofenac, maganin da ya hallaka ungulaye masu ɗimbin yawa da suka ci mushen shanu a Indiya, har ƙasar ta hana ba dabbobi shi a shekarar 2006.