Yadda na gyara atishawar ƴan tsakina

Hunturu na kankama a Maradi, ƴan tsakina 20 masu mako uku suka fara atishawa. Sai da na durƙusa cikin akurkin na gane: warin kashinsu har yaji yake min a ido. Tsoron sanyi ya sa na toshe ko'ina da leda, ga ruwan shansu ya jiƙa shimfiɗa.

Na kwashe jiƙaƙƙen, na zuba busasshen ɓuntun shinkafa, na ɗora kaskon ruwa bisa bulo. Na buɗe kafa ta sama daga yamma, inda iskar hunturu ba ta bugowa. Biyu masu majina na ware su. Ɗaya ta mutu, ta ba ni tausayi ƙwarai.

Kwana huɗu atishawa ta ɗauke. Da suka murmure, likitan dabbobi ya ɗiga musu rigakafin cutar kaji da ake kira Newcastle a ido.