Yadda zaka zabi pon na motar daji, karami ko babba

Kafin ka kashe sefa a kan pon, wato aksil, karfen da ke hada tayoyin hagu da dama, fara duba me motar ke dauka kullum. In buhunan albasa ne da duro na gazuwal daga Maruwa zuwa Kuseri a Kamaru, ga ramuka ga tabon damina, to babba zaka nema, irin na bayan Land Cruiser 79, don shi bututun da shaf ke ciki ne ke daukan nauyi, shaf aikinshi juya taya kawai, ko ya karye taya bata fita. Na bayan Hilux ba haka bane, shaf din shi ke juyawa shi ke daukan kaya, in ya tsinke cikin daji wallahi ka kwana nan.

Amma babba ma da matsalarshi, yana kara ma mota nauyi da shan mai, kuma tulunshi na tsakiya ya fi sauka kasa, a rairayin hanyar Faya ta Cadi shi zai fara tokarewa. Mai yawo ba lodi, kuma da tayoyin kamfani, ya zauna da karaminshi.

In ka kara girman taya sai babba. Kuma don Allah ka sa makanike ya kirga hakoran giyar da ke cikin tulun, na pon din gaba da na baya su zo daidai kafin ka biya.